Wa'azi na Goma Sha Huɗu: Annabi Musa da Ƙahon da Masu Zane Suka Ɗora Masa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara mana rai da lafiya har muka kai wannan dare na goma sha huɗu ga watan Ramadan. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da sauran ƴan'uwansa annabawa da manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, ina gaida jama'a masu sauraro na cikin garin Gaya, da na Tanda, da Bana, da Bengu, da Tunuga, da Yelu, da ƴan'uwanmu na ƙetaren gulbi a Malanbil, da na Kamba, da duk inda muryar wannan gidan rediyo take kaiwa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Ƴan'uwa Musulmi, wa'azin yau tambayar wani yaro ce ta jawo shi. Yaron bai wuce shekara goma sha uku ba. Da safe yana zuwa makarantar boko, da yamma kuma ya zo zaurena da allonsa. Kwana uku da suka wuce, bayan mun tashi daga karatun Ashafa, sai ya tsaya har manya suka watse, ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, wai da gaske Annabi Musa yana da ƙaho?" Na ce subhanallahi, ina ka jiyo wannan? Ya ce ai ba ji ya yi ba, gani ya yi. A littafin tarihi na wansa akwai hoton wani tsoho na dutse, zaune, da dogon gemu, da alluna a hammatarsa, da ƙahoni biyu a goshinsa, an rubuta sunan Musa a ƙasa.

Ban yi wa yaron tsawa ba, domin ya yi abin da ya dace, ya kawo shakkarsa wurin malami. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmar da ya faɗa, cewa gani ya yi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. To, mu addininmu da ji ya iso mana, daga bakin malami zuwa kunnen almajiri, har ya tuƙe ga Manzon Allah. Idan muka sake, abin da yaro ya gani a takarda zai kori abin da ya ji a zaure.

Ni ban yi boko ba. Sai na aika aka kira mini wani tsohon almajirina wanda yanzu mushe ne, yana koyar da tarihi. Muka zauna dare biyu bayan asham, yana karanto mini abin da Turawa da kansu suka rubuta game da asalin wannan ƙaho, ni kuma ina aunawa da abin da na karanta gaban malamaina. Abin da muka tace shi zan kawo muku.

Mu fara da sanin wanda ake magana a kansa. Musa ɗan Imrana, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne Kalimullahi, wanda Ubangiji ya yi wa magana ba tare da ɗan aike ba. Yana cikin manzanni biyar ma'abuta ƙarfin niyya. An ambaci sunansa sau 136 a cikin Alƙur'ani, babu annabin da aka ambata da suna kamarsa. A daren Mi'iraji shi ne ya riƙa ba Annabinmu shawarar ya koma ya nemi sassauci, har salla hamsin ta dawo biyar. Ke nan duk wanda ya yi sallar asuba yau, akwai alherin Musa a wuyansa. Kuma yana da alaƙa da ibadar da muke ciki: a Suratul A'arafi Allah ya ba mu labarin wa'adin darare talatin da aka cika masa da goma, malaman tafsiri kuwa sun ce azumtar kwanakin ya yi kafin ganawa da Ubangijinsa.

Kamanninsa fa? Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya gan shi a daren Isra'i, ya kuma siffanta shi ga sahabbai. A ruwayar Ibn Abbas da ke cikin Buhari da Muslim, ya ce mutum ne dogo, wankan tarwaɗa, kamar mazajen ƙabilar Shanu'a. Ku lura da kyau. A cikin sahabbai da maƙwabtansu akwai masu iya sassaƙa da zane, amma bai kira kowa ya ce zo ka zana mini shi ba. Da baki ya siffanta, ya tsaya inda ya tsaya. Mu ma nan muka tsaya.

To daga ina ƙaho ya fito? A cikin Attaurar da ke hannun Ahlul Kitabi akwai wurin da aka ce sa'ad da Musa ya sauko daga dutse da alluna, fatar fuskarsa tana walƙiya saboda ganawar da ya yi. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita a wurin tushenta ɗaya da kalmar ƙaho. Almajiran lugga za su gane wannan nan take, domin Ibrananci da Larabci ƴan ɗaki ɗaya ne. A Larabci ƙarnu shi ne ƙaho, daga nan aka sami sunan Zulƙarnaini. Amma Balarabe yakan ce ƙarnush shamsi yana nufin gefen rana da ke fara ɓullowa da haskenta. Kalma ɗaya, fuska biyu.

Akwai wani babban malamin Kirista mai suna Jerom, wanda ya zauna a Baitalami ta ƙasar Falasɗinu, ya fassara littattafansu zuwa harshen Latin, ya kammala wajen shekara ta 405 ta Miladiyya, fiye da shekara 160 kafin haihuwar Annabinmu. Da ya zo wannan wuri sai ya zaɓi kalmar da ke nufin mai ƙaho. Adalci shi ne mu faɗa cewa wasu masanansu suna ganin ba ƙahon dabba yake nufi ba, kinaya ce ta ƙarfi da ɗaukaka, kamar yadda mu ma muke kiran jarumi bajimi ko giwa ba tare da mun ce yana da haure ba. Amma mai zane bai san kinaya ba. Abin da ya karanta shi hannunsa zai fitar. A ƙarni na 11 aka fara ganin Musa da ƙahoni a wani littafin rubutun hannu a Ingila, daga nan abin ya bi bangayen majami'u da tagoginsu.

Duk da haka, a zamanin rubutun hannu kuskure tafiyar hawainiya yake yi. Littafi ɗaya sai ya ci shekara ana kwafarsa, kuma sai mai hali yake mallakarsa. Sai wani Bajamushe mai suna Gutenbag ya fito da injin ɗab'i a garin Mainz, ya buga littafinsu mai tsarki wajen 1455. Ba a jima ba masu ɗab'i suka fara saka hotuna. Yadda suke yi shi ne, a sami allon katako a zana siffa a kai, a sassaƙe gefe-gefen a bar layukan zanen a tashe, a shafa tawada, a danna a kan takarda. Kamar hatimin alƙali ne, sai dai babba. Katako ɗaya zai fitar da hoto ɗaruruwa. A garin Kolon aka buga littafin da irin waɗannan hotuna wajen 1478, sannan wani mai ɗab'i a Nurembag mai suna Kobaga ya sake amfani da katakan nan a 1483. Musa mai ƙaho ya fita daga bangon majami'a ya shiga gidajen mutane. Daga baya, tsakanin 1513 da 1515, wani gwanin sassaƙa na ƙasar Italiya, Mikelanjelo, ya sassaƙa gunkin dutsen nan da ke wata majami'a a birnin Rum. Hotonsa ne yaronmu ya gani.

Ga wani abu da ya fi ba ni mamaki. A 1493, shekarar da Askiya Muhammadu ya hau gadon Sangai, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, Kobagan nan ya buga wani ƙaton littafin tarihin duniya tun daga Annabi Adamu. A cikinsa akwai hotuna 1,809, amma katakan da aka sassaƙa 645 ne kawai. Ku yi lissafi. Ma'ana fuska ɗaya ana buga ta a nan a ce wane ne, a sake buga ta gaba a ba ta wani suna. Har birane haka aka yi musu: hoton da aka ce Dimashƙa ce, shi aka sake bugawa aka ce wani gari ne na Italiya mai suna Mantuwa. Masu aikin ba su ɓoye ba, sun san babu wanda ya ga Musa ko Iliyasu ko Yunusa a cikinsu. Cike gurbi suke yi. Amma mai karatu da ya buɗe shafi, ya ga fuska, ya ga suna a ƙasa, shi ke nan ta zauna a zuciyarsa.

Kuma kada ku ɗauka abin ya tsaya ga takarda. Wannan ƙaho yana cikin abin da ya ciyar da wata ƙarya da ta daɗe a Turai, wai Yahudawa ƙaho gare su kamar shaiɗanu, aka riƙa wulaƙanta bayin Allah da ita. Kuskuren kalma guda ya zama zane, zane ya zama aƙida, aƙida ta zama zalunci.

Ya ku bayin Allah, a Suratul Ahzabi Allah ya gargaɗe mu kada mu zama kamar waɗanda suka cuci Musa, har Allah ya wanke shi daga abin da suka faɗa, ya kuma shaida cewa mai daraja ne a wurinsa. Abu Huraira ya ruwaito dalilin. Musa mutum ne mai tsananin kunya, ba a ganin komai na jikinsa, sai wasu daga Bani Isra'ila suka ce ba ya rufe jiki haka sai don wani aibi da yake ɓoyewa. Allah ya bayyana musu cewa jikinsa lafiya lau yake, mafi kyawun halitta. To idan Ubangiji bai bar a jingina wa jikin annabinsa aibin da babu shi ba a lokacin da yake raye, yaya kuke gani game da wanda ya ɗora masa ƙaho bayan ya yi wafati? Alƙali Iyad, a cikin Ashafar da muke karantawa kowane Ramadan, ya yi dogon bayani cewa Allah ya keɓe annabawa da cikar halitta da ɗabi'a, kuma girmama su duka wajibi ne.

Yanzu bari mu dawo gida, kada mu tsaya nuna Turawa da yatsa. Mu da muka manyanta mun tashi mun tarar da wasu hotuna masu launi a ɗakunan iyayenmu mata, kusa da jeren kwanuka. Akwai na Burâƙa, doki mai fiffike da fuskar mace. Akwai na Annabi Ibrahim riƙe da wuƙa, ɗansa kwance, mala'ika ya sauko da rago. Akwai jirgin Annabi Nuhu cike da dabbobi, akwai Adamu da Hauwa'u a gindin itace. A Misira da ƙasashen Magrib aka riƙa buga su, alhazai da fatake suka bazo su har Sanagal. Sun yawaita har gwamnan Faransa Wiliyam Ponti, wanda ya mulki Afirka ta Yamma daga Dakar tsakanin 1908 da 1915, ya sa aka hana shigo da su, shi don tsoron abin da ke haɗa kan Musulmi ya yi, babu ruwansa da hukuncin shari'a. Iyayenmu sun rataye su ne don so da neman albarka, Allah ya gafarta musu, ya saka musu da niyyarsu. Amma ku tambayi kanku: wa ya ga Ibrahim har ya zana shi? Me ya raba wannan da katakon Nurembag?

Hukuncin wannan bai bar mu cikin duhu ba. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah ya ƙi shiga Ka'aba har sai da aka kawar da siffofin da ke cikinta. A ciki akwai siffar Ibrahim da Isma'ila, an saka musu kiban ƙuri'a irin na jahiliyya a hannu. Ya yi fushi, ya rantse cewa waɗannan annabawa biyu ba su taɓa yin duba da kibau ba. Kun ga Ƙuraishawa ma so ne ya sa suka zana kakansu, amma da suka tashi zanawa sai suka ba shi al'adarsu. Haka mai zane yake kullum. Ba ya da abin da zai zuba sai abin da ke kansa. Bature ya ba annabi fuskar Bature da tufafin garinsu, Bamisire ya ba shi rawanin Misira.

Ibn Abbas kuma ya fassara mana sunayen nan biyar da ke cikin Suratu Nuhu, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru. Ya ce mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa siffofinsu a majalisunsu don tunawa, ba a bauta musu ba a lokacin. Sai da wancan ƙarnin ya shuɗe, ilimi ya gushe, jikoki suka tarar da siffa ba su tarar da bayani ba. Shi kansa Musa, kwana arba'in kawai ya yi ba ya nan, ya dawo ya tarar Samiri ya ƙera wa mutanensa maraƙi. Ran ɗan Adam yana son abin da ido zai kama.

A mazhabarmu ta Imamu Malik, malamai sun rarrabe. Siffar abu mai rai wadda ke tsaye da jikinta, cikakkiya, mai inuwa, haramun ce. Zanen da ke shimfiɗe a bango ko takarda makaruhi ne, haka Ibn Abi Zaidin ya nuna a babukan ƙarshe na Risala, masu sharhin Muhtasar suka faɗaɗa. Wannan hukuncin zanen kowane mai rai ke nan. Amma zanen annabi ya ƙara da wani abu, shi ne ƙirƙira wa manzon Allah kamannin da ba nasa ba, da buɗe ƙofar raini. Shi ya sa malaman Azhar da sauran manyan majalisun fatawa suka hana. Kada wani ya kawo mini zancen hoton katin ɗan ƙasa ko na fasfon aikin hajji. Wannan fuskarka ce ta gaskiya aka ɗauka don lalura, babu wanda aka yi wa ƙage.

A yau katakon ya koma cikin aljihunmu. Kun san fim ɗin Annabi Yusufu da aka yi a Iran a 2008, wanda aka juya da Hausa, aka kalle shi a gidaje da yawa na garin nan. Na taɓa karanta Suratu Yusufa a majalisi, wata baiwar Allah ta aiko a gaya mini wai na tsallake wani wuri, domin ba haka aka nuna a fim ba. Ku ji fa. Yanzu in an ambaci Yusufu, fuskar wani ɗan wasa ce ke zo wa yaranmu, mutumin da gobe zai fito a wani wasan dabam. Ga kuma hotunan da na'ura ke ƙirƙirawa da kanta, ana turowa ta WhatsApp da TikTok, a ce ga Annabi Musa gaban Fir'auna, a ƙara da cewa duk wanda ya tura wa mutum goma zai ga alheri. Abin da ya ɗauki masu ɗab'in Jamus shekaru suna yaɗawa, yau kafin a sha ruwa ya kai daga Gaya zuwa Agadas.

To me za mu yi? Mai irin waɗannan hotuna a ɗaki ya sauke su. Idan akwai aya ko sunan Allah a jiki, kada a jefa a juji, a ƙone a binne tokar a wuri mai tsabta. Idan na mahaifiyarka ne ko kakarka, ka je da ladabi, ka zauna ƙasa, ka yi mata bayani, ka kawo mata allon zayyana ko rubutun aya ta rataya a gurbinsa. Kada gyaran makaruhi ya kai ka ga saɓa wa iyaye, wanda yake babban zunubi. Wanda aka turo masa a salula ya goge, kada ya tura gaba, ya gaya wa wanda ya turo cikin sirri. Mai sayarwa a kasuwa a yi masa nasiha, ba a ce a watsar masa da kaya ba. Ɗan makaranta da ya ga hoton a littafin boko, kada ya yaga littafi, kada ya yi wa mushensa rashin kunya. Ya koyi darasin a matsayin tarihin abin da Turawa suka sassaƙa, ya ci jarrabawarsa, ya riƙe a zuciyarsa cewa wancan dutse ne, Musa kuwa yana can bisa darajarsa.

Saura magana ɗaya, kuma ina roƙon matasa su buɗe kunne. Garinmu garin iyaka ne. Muna zaune da Kiristoci ƴan ƙasa da baƙi daga Benin da Togo da Nijeriya, muna ciniki da su, muna shiga kwalekwale ɗaya. A majami'unsu da littattafansu akwai hotuna. Abin da na faɗa yau hukunci ne a kanmu da gidajenmu, ban ba kowa izinin taɓa kayan wani ba. Ummu Salama da Ummu Habiba sun zauna a Habasha ƙarƙashin amanar Najjashi, sun ga majami'a mai hotuna, suka zo suka ba Manzon Allah labari. Ya bayyana musu kuskuren abin, ya gargaɗi al'ummarsa, bai aika kowa ya rushe ta ba. Allah ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci, ya kuma umarce mu da yin muhawara da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau. Ba mu manta da watan Janairu na 2015 ba, lokacin da wata jaridar Faransa ta yi zanen ɓatanci, aka huce a kan majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka, aka ƙone dukiyar mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wanda ya yi zanen yana can ƙasarsu, maƙwabci ne ya kwana da hasara. Wannan ba kishin annabawa ba ne, Allah kada ya maimaita mana.

Shi kuwa yaron nan, jiya na kira shi na ce: ɗana, Annabi Musa ba shi da ƙaho. Haske ne aka faɗa, mai fassara ya ɗauki wata ma'ana, mai zane ya bi shi. Ya yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, yaya zan riƙa tuna shi?" Na ce ka tuna jaririn da uwarsa ta saka a akwati ta jefa a kogi bisa umarnin Allah, kai da ka san abin da gulbi yake idan ya cika. Ka tuna saurayin da ya shayar wa mata biyu dabbobinsu a rijiyar Madyana bai nemi lada ba, ya koma inuwa yana kai ƙarar talaucinsa ga Ubangiji. Ka tuna mutumin da teku ke gabansa, runduna ke bayansa, mutanensa suka ce an kama mu, shi ko gezau. Na ce gobe in Allah ya kai mu mu fara Suratul Ƙasasi, ka zo da allonka a wanke.

Ku ma iyaye, ga sauran rabin wata a gabanmu. Bayan an sha ruwa, kafin kowa ya duƙufa kan salularsa, ku tara yara ku ba su ƙissar annabi ɗaya kamar yadda Alƙur'ani ya kawo ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya cika zukatanmu da son annabawansa da ganin girmansu. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare idanunsu da kunnuwansu. Allah ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya nuna mana daren Lailatul Ƙadari, ya sa muna cikin ƴantattun bayi, ya haɗa mu da Musa da Muhammadu da sauran annabawa a gidan da za mu gan su da idanunmu. Amin.